Gashin Jiminar da Bai Kai Turabulus Ba

Ni ba fatauci ne ya fitar da ni daga garinmu Guci ba, kwarkwata ce. Ku yi dariyarku, duk wanda na gaya wa sai ya yi.

Mahaifina jimina yake kiwo a bayan gida cikin shingen ƙaya, kamar yadda wasu gidaje suke yi a ƙasarmu kafin Nasara su shigo Damagaram. A wajensa na koyi cewa abin da mutane ke tarawa su kira kwarkwatar tsuntsu ba iri ɗaya ba ne. Akwai jar ƙuma, mai ɓuya a tsagar itace ta fito ta sha jini har tsuntsu ya rame. Akwai wadda muke ce wa mai-aski, doguwa siririya, ba ruwanta da jini, gashi take gaigaya ta bar shi da giɓi. Akwai ɗan-kwance, ƙanƙane kamar garin gero, yana jeruwa a jikin karan gashi, ba ya cutar kowa. Sai kaska, ita kam kowa ya san ta. Sunayen gidanmu ne waɗannan, in kun je kasuwa da su ba mai gane ku. Na kai matsayin da in aka ɗora mini kwarkwata a tafin hannu zan ce wannan ta zabo ce, wannan ta tantabara, wannan ta jimina. Kuma Baba ya kafa mini ƙa'ida guda: duk abin da ke zaune a jikin tsuntsu, ɗumin tsuntsu ne ke riƙe da shi, in aka cire gashi kwana kaɗan ya mutu, ƙwansa ma ba ya ƙyanƙyashewa. Gaskiya ya faɗa. Ni ne na ɗauki maganar na kai ta inda ba ta da aiki.

Wanda ya ja ni tafiyar ayarin Turabulus sunansa Barka. Bawan wani Balaraben Gadamas ne da ke zaune a Damagaram, muna ce masa Sidi, sauran sunan ba zan faɗa ba. Barka ke zagaya masa Magariya da Bande da Dungas yana sayen fata da gashin jimina, a haka ya san gidanmu. Ya ba hamsin baya, baƙi, mai faɗin ƙirji, magana ba ta dame shi ba. Sau huɗu ya ƙetare sahara ya dawo. Yana da mata a Magariya, Hajara, ita 'ya ce ba baiwa ba. Shi ya je ya ce wa ubangidansa ya ga wani ɗan Guci da idonsa ba ya kuskuren gashi. Ni ina ce masa Baba Barka, shi kuma ba ya kirana sai da Malamin Kwarkwata.

Kowa a ayarin ya san abin da ke kan wannan tafiya. Sidi ya rantse gaban shaidu, in kayan gashin nan suka isa Turabulus lafiya, zai rubuta wa Barka takardar 'yanci. Ƙunshin gashin duk a hannun Barka suke, shi ke ɗaurewa, shi ke ɗorawa, shi ke saukewa. Ni nawa zaɓe ne kawai: fari da fari, baƙi da baƙi, dogo da dogo.

A Damargu muka yi zangon farko mai tsawo. Nan Sidi ya sayi gashin jiminar daji a hannun maharba, mai yawa. Kai, ban taɓa ganin fari irinsa ba! Namu na gida kusa da shi sai ka ce tsumma. Maharban suka fito da shi daga wani rumbu, sun ce tun bara yake ajiye suna jiran ayari. Na shimfiɗa tabarma a inuwa na fara aiki. A gindin wasu gasun na ga ɗigo-ɗigo farare, ƙanana, manne cikin laushin. Na murza da farce na ce a raina ƙwan mai-aski ne, ya daɗe da mutuwa.

Barka ya tsuguna kusa da ni, ya ɗauki dami guda ya shinshina.

"Malamin Kwarkwata, wannan gashin ya kwana a ɗaki. Ban yarda da shi ba."

"Me ka gani, Baba?"

"Ban ga komai ba. Warinsa ne bai yi mini ba. A turara shi da barkono, a ɗaure shi shi kaɗai."

Da mu biyu ne da na ce to. Sai ga Sidi tsaye a kanmu yana jan tasbaha, ya ji. Ya tambaye ni da Hausarsa mai nauyi ko akwai abin tsoro. Turare zai ci kwana uku, kuma hayaƙi yana dusashe fari. Na dubi Larabawan da ke bayansa, na dubi raƙuman da ake ta ɗora wa kaya, kaina ya kumbura. Wai ni, da aka ɗauko takanas saboda idona, mutumin da bai san jar ƙuma da ɗan-kwance ba zai gyara mini aiki da hanci? Na buɗe baki na zuba musu karatu. Na lissafa iri huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, na nuna ƙwan, na ce tun da gashin ya rabu da tsuntsu shekara guda babu mai rai a cikinsa. Sidi ya yi murmushi ya ce wa Barka, "Ka ji ilimi." Barka ya miƙe ya tafi wajen raƙuma.

Ni kuwa na yi aikina yadda aka koya mini. Na ɗauki farin Damargu na haɗa da farin gidanmu, baƙi na haɗa da baƙi, kowane ƙunshi sai da ya samu rabonsa. Barka ya naɗe su cikin fata ya ɗinke bakin, ƙunshi goma sha biyu.

A Agadas muka yi wata guda muna jiran ayarin ya cika. Garin ja ne wur, ba ciyawa, mutanensa rabin fuska a rufe, ba ka sanin mai murmushi da mai harara. Nan aka fara yi mini wayo. Wani mai zaƙin baki, da Hausa tangaram, ya ce yana da maganin ƙishirwa, ɗan dutse ne da ake samu a cikin barewa, in ka sa a baki sai ka kwana biyu ba ka nemi ruwa ba. Na ba shi rawanina sabo, wanda matata ta kaɗa zarensa. Na kawo wa Barka ina taƙama. Ya juya shi a hannu ya ce, "Tsakuwa ce. Akwai irinta cike da kwarin can." Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya yage rabin nasa rawanin ya ba ni, don ba a shiga inda za mu shiga da kai a buɗe.

Ana saura kwana biyu mu tashi ya kira ni bayan kaya. Ya nuna mini bakin ɗinkin wani ƙunshi, ɗan gari-gari na zubowa, kaɗan ne, bai cika farce ba.

"Mu buɗe wannan mu gani," in ji shi. "Kai ne za ka gaya wa Sidi, maganarka yake ji."

Na tsorata, ba zan ɓoye muku ba. Amma in na je na ce a buɗe, na ƙaryata kaina ke nan a gaban mutanen da suka tafa mini. Na lakaci garin na hura, na ce ƙurar hanya ce, fata ma tana yin haka in ta bushe.

Ya dube ni. "To, kai ka sani," ya ce. Bai sake tayar da maganar ba.

Duwatsun Azbin suka cinye mini takalma cikin kwana shida. Ƙafata ta tsage, ina taka jini. A wata rijiya wata tsohuwar Buzuwa ta ga yadda nake ɗingishi, ta zaunar da ni, ta shafa mini man shanu a tafin ƙafa, ta ba ni cuku biyu. Ba ta jin Hausa, ba na jin nasu, hannu kawai ta ɗaga mini da za mu wuce. Barka kuwa ya yanko fatar wuyan wani raƙumi da ya mutu ya ɗinka mini wasu takalman, yana ɗinki yana tsokanata wai mutanen Guci ƙafarsu ta saba da yashi mai laushi kamar ta amare. A wannan lokacin ne gida ya fara cina. Ba matata na fi tunawa ba, Allah ya gafarta mini, tuwon gero da miyar kuka nake tunawa, da kukan jiminar mahaifina in hadari ya taso. In na rufe ido sai in ga gonar gyaɗarmu bayan ruwan farko, in na buɗe sai dutse baƙi.

Bayan Azbin babu abin da zan kira ƙasa. Rana da yashi ne, da ƙasusuwa a gefen hanya, na raƙuma da waɗanda ba na raƙuma ba. Akwai bayi a ayarin da ake kaiwa arewa, mata da maza. Wata baiwa ta zauna a rana ta tara ta ƙi tashi, aka kwance ta daga igiya aka ci gaba. Na waiwaya sau ɗaya, ban ƙara ba. Ruwan salka ya koma baƙi yana wari, ana ba mu a ɗan ƙoƙo safe da yamma. Wata rijiyar da muka dogara da ita muka tarar yashi ya binne ta, sai da muka yini muna tono da hannu. Tsakuwar nan ta Agadas, wallahi sai da na sa ta a baki.

A irin wannan tafiya ne, rana tsaka muna gefen raƙumi ɗaya muna neman inuwarsa, Barka ya yi mini doguwar maganar da bai taɓa yi ba. Ya ce ran da aka 'yanta bawa ana yanka rago a raɗa masa suna kamar jariri. Barka sunan da aka laƙaba masa ne a kasuwa yana yaro, na farkon ya manta shi.

"Hajara ta riga ta zaɓa," ya ce. "Isiyaku. Sau ɗaya ta faɗa, ta ce daga ranar suna bakinta ya rufu, ba ta kiran sunan miji. Ta sayi ɗan rago ma, na bar shi bai fi haka ba." Ya nuna gwiwarsa. "Ta ce kafin in dawo zai yi ƙaho."

Na ce Allah ya nuna mana. Ya ce amin. Na dubi ƙunshin da ke lilo a bayan raƙumin, na kawar da kai.

Mun shiga garin Gat bayan wata uku da barin Damargu, mun rame kamar karan dawa. A nan fatake ke buɗe kaya su sha iska kafin a nufi Turabulus. Da hantsi aka share tsakar gidan da Sidi ya sauka, aka shimfiɗa tabarmi, abokansa suka zo kallon farin Damargu da ya yi ta ba su labari. Barka ya sa wuƙa ya farke ɗinkin farko.

Gari ne ya zubo. Bayansa wasu ƙananan ƙwari masu fiffike suka tashi, tsutsotsi farare suna motsi a cikin saƙarsu. Na sa hannu na zaro gashi, kara ne tsirara ya biyo ni, laushin duk an cinye. Asu ne. Asun da ke cin rigar da aka ajiye a adaka, wanda kowace tsohuwa a Guci ta sani. Shi ba ɗumin tsuntsu yake nema ba, ɗaki yake so da duhu, kuma ni na ba shi su. Ƙwansa na gani a Damargu na kira shi ƙwan mai-aski, don ni abin da ke jikin tsuntsu mai rai kaɗai na iya.

Aka farke na biyu, aka farke na uku. Da an ɗaure na Damargu shi kaɗai, da ƙunshi uku aka rasa. Ni na raba shi ko'ina da hannuna. Cikin goma sha biyun abin da aka tsinta mai kyau bai cika biyu ba.

Sidi bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya zauna a bakin tabarma yana murza garin a yatsunsa. Abokansa suka zame ɗaya ɗaya. Can ya ɗago ya ce, "Barka, kaya a hannun wa suke?"

"A hannuna, ubangidana."

Sidi bai dube ni ba ma. Ni kuwa ina tsaye, kuma zan faɗa muku abin kunya: na yi shiru har Sidi ya shiga ɗaki. Sai bayan azahar, da na ji ana cewa an aika a kira wani mai gonakin dabino daga Fazzan da ke neman bayi, sannan na shiga na durƙusa.

"Sidi, laifina ne. Sau biyu Baba Barka ya so a ceci gashin, a Damargu da Agadas. Ni na hana. In hukunci ne a yi mini."

Ya dube ni kamar mai duban raƙumin da ya karye.

"Na sani," ya ce. "Ina wurin a Damargu, ai."

"To a bar shi, don Allah, don Annabi."

"In bar shi in ci me? Raƙuman haya ne, masu su suna ƙofa. Kai ɗa ne, ɗan Musulmi, an san ubanka, ba ka sayuwa. Shi ne abin da ya rage mini."

Na ce ya yi rantsuwa. Ya ce ya rantse in kaya suka isa, sun isa? Na kama ƙafarsa, ya sa aka fitar da ni.

Washegari da safe mai dabinon ya zo. Ya buɗe bakin Barka ya duba haƙora, ya matsa damtsensa, ya ce ya tsufa amma zai iya jan guga. Na taɓa duba jimina haka a gaban masu saye, ban taɓa jin komai ba. Ran nan sai da na juya na yi amai a jikin bango.

Aka ba shi ɗan lokaci ya ɗauko buzunsa. Na bi shi ina kuka, ƙato da ni.

"Share fuskarka, mutane na kallo," ya ce. "Saƙo zan ba ka. In Allah ya mai da kai, ka je Magariya wajen Hajara. Kada ka ce mata na mutu, kada ta yi takaba a banza. Ka ce ta je wajen alƙali a raba auren, kada ta jira. Kuma ka faɗa mata yadda aka yi. Duka, har da naka."

"Baba, ka yafe mini."

Ya ɗaure buzun ya saɓa a kafaɗa. "Ka kai saƙon tukuna," ya ce.

Na tsaya a ƙofar gari har raƙumansu suka shige bayan tudu. Yana tafe a ƙasa, igiya a wuyansa, da rabin rawanin nan a kansa.

Turabulus ban gan ta ba. Sidi ya sallame ni a Gat ba ko guzuri. Na yi fiye da shekara a garin ina share ɗakunan tantabaru ina kai kashinsu gonaki, a ba ni dabino da ɗan garin sha'ir. Tantabarunsu cike suke da jar ƙuma, na iya maganinta da toka, har aka fara nemana gida gida. Kun ji, ilimin bai tashi amfani ba sai a nan. Wata tsohuwa Bakanuwa da aka kawo tun tana budurwa ta ji Hausata a bakin rijiya, ta riƙe hannuna tana tambaya ko har yanzu ana rini a Kano. Ita ta roƙi wani madugu ya ɗauke ni jan raƙuma zuwa kudu. Duk ayarin da ya fito daga Fazzan kafin mu tashi na tambayi labarin Barka. Ba wanda ya san shi, bayi masu jan guga a can ba su ƙirguwa.

Dawowar ba zan ba ku labarinta ba, irin tafiyar ce, sai dai babu mai ɗinka mini takalma.

Ban fara zuwa Guci ba. Na san in na shiga gida na ci tuwo na ga matata, ƙafata ba za ta ƙara ɗaukata zuwa Magariya ba. Na isa ana gama girbin gero, na tambayi gidan Hajara matar Barka, aka nuna mini. Na yi sallama ta fito, doguwa ce, da furfura kaɗan a goshi, hannunta duk dusa. Ta gane ni, ta taɓa ganina tare da shi. Ta duba bayana, ta ga ba kowa.

Ta shimfiɗa mini tabarma a zaure ta kawo ruwa. Ban sha ba. Na faɗa mata tun daga rumbun Damargu har ƙofar Gat, ban rage komai ba, har shirun da na yi kafin azahar. Tana zaune ta miƙe ƙafa tana kallon yatsunta.

"Sau nawa ya gaya maka?" ta ce.

"Sau biyu, Inna."

"Haka yake. Ba ya faɗi sau uku."

Sannan ta ce, "Da wane suna aka tafi da shi?"

Na ce, "Barka."

Ta gyaɗa kai. Ta tashi ta shiga cikin gida, na zaci ta tafi ke nan. Sai na ji takun kofato. Ta fito tana jan wani rago fari, ƙato, ƙahonsa ya murɗe sau biyu, wuyansa na rawa don ƙiba. Ta sa mini igiyar a hannu.

"Ya ce idonka ba ya kuskure," ta ce. "Duba mini shi ko yana da kaska. Gobe zan kai shi kasuwa."

Na durƙusa a zauren nan na duba shi, cikin kunnuwa, ƙarƙashin wuya, hammata, tsakanin kofato, har gindin wutsiya. Na sake dubawa, don ban san yadda zan ɗago in dube ta ba. Babu ko ɗaya. Shekara biyu kullum tana cire masa.